Padam da Dokar Dutsen Zuma

A ƙauyen Nyaudi, in yaro ya cika tambaya, uwarsa kan ce masa, "Kai kuma Padam za ka zama?" Padam Gurung tun yana ƙarami ya gagari mutane da son sanin dalilin abu. Yana aji uku ya tsare malaminsu, ya ce tunda iyakar gundumarsu a tsakiyar kogi take, kifin da ya ƙetare zuwa wancan gefe na wace gunduma ne? Malamin ya kore shi waje, ya tsaya a bakin taga yana jiran amsa har aka tashi.

Da ya kai shekara ashirin da tara ya bi sahun samarin ƙauyen ya tafi Malesiya aikin gadi. Aka ba shi ƙofar wani ɗakin ajiye kaya kusa da filin jirgin sama, ya yi shekara goma sha biyu yana kallon jirage suna tashi suna sauka. A nan ya tsinci Turancinsa, mai ɗingishi amma yana kai shi inda zai je. A nan kuma wani ma'aikacin filin jirgi da ke zuwa shan shayi ya gaya masa cewa sararin sama ba fili ne kawai ba, hanyoyi ne da shi, kowane jirgi da layinsa da tsayin da aka yanka masa. Padam ya ɗaga kai ya duba, bai ga komai ba sai gajimare. Maganar ta zauna masa a rai.

Ya dawo gida da ciwon gwiwa da 'yar rediyo, ya ƙara ɗakuna huɗu a saman gidansu don baƙi masu zuwa hawan dutse da kallon ɗibar zuma. Matarsa Ashmaya ce ke dafa abinci, shi kuma yana kai wa baƙi, yana ɗebe musu kewa ko suna so ko ba sa so.

Bayan wata babbar girgizar ƙasa ne ya fara ganin jirgi maras matuƙi. Wasu ma'aikatan agaji daga Turai suka zo duba inda dutse ya zabtare ya toshe hanya, ɗayansu ya fito da wani abu mai ƙafa huɗu daga jaka, ya ajiye a tsakar gida, sai ga shi ya tashi yana ƙugi. Ashmaya ta ruga ta kwashe barkonon da ta shanya, wai kada ya watsar mata. Tsofaffi suka sa masa suna zanzaro, sunan ya bi shi har yau.

Padam ya matsa kusa da mai tuƙin ya ce, "Ina iyakar tashinsa?"

"Yana iya yin nisa sosai," in ji mutumin. "Amma a ƙasarmu doka ta ce kada ya wuce mita ɗari da ashirin."

"A ƙasarku. To a nan fa?"

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ce bai tabbata ba. Padam ya yi mamakin a ce abu ɗaya, iska ɗaya, amma ƙa'idarsa ta canza don an ƙetare iyaka. Ya ɗauko wani tsohon littafin makaranta na 'yarsa Rojina, ya juya bayansa, ya rubuta lambar.

Daga nan duk baƙon da ya sauka da zanzaro a jakarsa ya shiga uku. Padam zai kawo masa shinkafa da miyar wake da ɗan ganye mai tsami, ya ƙara masa ba tare da ya nema ba, sannan ya ja kujera ya buɗe littafi.

Wani Ba'amurke ya ce su ƙafa ɗari huɗu ne iyakarsu. Padam ya yini yana lissafi da tef ɗin magini, ya fito tsakar gida yana murna.

"Ashmaya! Kin san samaniyar Amurka ta fi ta Turai tsawo da kusan mita biyu?"

"Madalla," ta ce, tana tsince shinkafa. "Sai ka je ka ɗauko mana mita biyun nan mu rufe ɗakin awaki da su, yana yoyo."

Ya koma kan lissafinsa. Bayan wata biyu wata mata 'yar Japan ta ce su ɗari da hamsin ne, ta ƙara dagula masa lissafi. Ita ce kuma ta gaya masa cewa a wurinsu da zarar nauyin jirgin ya kai giram ɗari sai an yi masa rajista, alhali yawancin baƙin da ya tambaya giram ɗari biyu da hamsin suke cewa. Ya ɗauko ma'aunin da Ashmaya ke auna man shanu, ya ɗora albasa ɗaya, ya cire, ya ɗora dankali biyu, yana so ya ji a hannunsa inda dokar Japan ta fara da inda ta sauran ta fara. Ashmaya ta shigo ta same shi riƙe da albasa a dama, dankali a hagu, ido rufe. Ta juya ta fita.

Wani ɗan Indiya mai ɗaukar hoton biki ya nuna masa taswira a waya, ƙasarsu duka an shafe ta da launi uku: kore ka tashi abinka, rawaya sai ka nemi izini, ja ko kusa kada ka je. Wannan ta burge Padam ƙwarai, ya ce ko wanda bai yi karatu ba zai gane. Wasu miji da mata da suka ratso ƙasashe a kan keke suka ce sun aika nasu gaba ta gidan waya, don an gargaɗe su kada su kuskura su shiga Uzbekistan da shi ba da izini ba. Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki a Ruwanda ta ce can har jini ake aikawa asibitocin karkara da shi, gwamnati ta buɗe masa hanya yana tafiya inda idon mai tuƙi ba ya kaiwa. Padam ya sa ta maimaita sau uku. A mafi yawan shafukan littafinsa an rubuta cewa dole mai tuƙi ya riƙa ganin jirginsa da ido, ga kuma ƙasar da ta ce a bar shi ya ɓace a bayan tsauni, don akwai mai haihuwa tana jira.

Dokar ƙasarsu kuwa a bakin Rojina ya koye ta. Ta girma ta koma birnin Pokhara tana ɗaukar bidiyon aure, ta sayi nata zanzaron, ta yi masa rajista a hukumar jiragen sama. Ita ta zayyana masa yadda ake bi: takardar rajista, izinin ofishin gunduma, in kuma wurin na cikin gandun dajin da ake karewa ne, sai an ƙara izinin masu kula da shi. Ya ce mata, "Ashe mu ma ba baya ba ne wajen takarda." Ta ce, "Baba, ai da kai ne ke bin layi da ba ka yi wannan fara'ar ba."

Cikin shekara takwas littafin ya cika, ya shiga na biyu. Ƙasa ashirin da uku ya tara. Mutanen gari suna yi masa dariya, suna kiransa alƙalin sama, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa tuƙa abin ba. Dokar ce ke ba shi sha'awa.

Abin da ya sa aka daina dariyar ya faru ne bayan wata damina, lokacin ɗibar zuma. Dutsen zumar Nyaudi tafiyar awa biyu ne daga gari, gangare ne miƙe kamar bango, saƙar zuma na rataye a ƙarƙashin leɓensa, kowace ta kai faɗin ƙofa. Mutum ɗaya ne ke sauka a tsanin igiya ya yanko, Kawu Dhanjit, ƙanin mahaifiyar Padam, wanda ya haura sittin da biyar kuma ya shekara arba'in yana wannan aiki.

A shekarar wani Bature mai shirya fim, Ruben, ya sauka a gidan Padam. Yaron kirki ne, mai ladabi, kuma da Padam ya tambaye shi takardu sai ya zaro su cif, kowace da hatiminta. Padam ya shafa su kamar an nuna masa sabon jariri, ya ce bai taɓa ganin baƙon da ya cika su haka ba.

Da safe aka tafi dutsen. Aka yanka kaza aka watsa shinkafa don neman yardar aljanin dutsen, aka hura wuta a ƙasa da ɗanyen ganye, hayaƙi ya hau ya lulluɓe saƙar. Maza shida a sama suka saki tsani, Kawu Dhanjit ya sauka da dogayen sandunansa biyu, kwando na reto a gefensa. Ya fara yanka ke nan Ruben ya tayar da zanzaro. Da farko daga nesa yake, sai ya riƙa matsowa, yana neman fuskar tsohon. Padam yana ƙasa yana kallo, ya ga iskar fukafukan ta kore hayaƙin gefe guda, ya ga baƙin tarin ƙudan zuman da ke jikin saƙar ya motsa gaba ɗaya, sannan ya tashi.

Kafin a ce wani abu ƙudan zuma sun rufe Kawu Dhanjit. Sanda ɗaya ta suɓuce ta faɗo, ta daɗe tana tahowa kafin a ji ƙararta a kan duwatsu. Tsohon ya cusa hannu biyu cikin tsanin ya sunkuyar da kai, bai motsa ba. Mutanen ƙasa suka yi ta ihu suna ƙara ganye a wuta, Ruben ya janye jirgin. Sai da hayaƙi ya sake hawa sannan tsohon ya fara saukowa, taki ɗaya, ya huta, taki ɗaya. Da ya taɓa ƙasa idanunsa sun rufe, leɓensa ya yi kamar an hura. Ruben ne ya goya shi rabin hanya, yana kuka yana ba da haƙuri da harshen da tsohon ba ya ji.

Kawu Dhanjit ya kwana uku ba ya gani, sannan ya tashi. A rana ta biyar ƙungiyar iyaye mata ta kira taro a dandalin gari. A Nyaudi in wannan ƙungiya ta hana abu ya hanu, ita ta hana caca ta hana sayar da barasa da rana, kuma Ashmaya ce shugabarta a lokacin.

"Maganar ba ta da tsawo," in ji Ashmaya. "Daga yau zanzaro ba ya sake tashi a garin nan."

Samari suka yi caa. Ɗaya ya ce, "Inna, baƙin nan fa bidiyon suke gani su zo. In kun hana, sai mu koma Malesiya gadi."

"Ka koma mana. Ka fi so a kwaso maka Kawu a kwando?"

Aka yi ta ja har wani dattijo ya ɗaga hannu ya nuna Padam. "Ga alƙalin sama zaune. Shekara nawa kana damun baƙi. To faɗa mana, me duniya ta ce?"

Padam ya miƙe da littattafansa biyu, gwiwarsa na ƙara. Ya ce a Ostireliya an ce a bar mita talatin tsakanin jirgi da mutum, a Ingila hamsin in jirgin ba ƙarami ba ne. A Amurka an hana tayar da shi a manyan gandayen dajin gwamnati. Akwai ƙasashen da suka rufe ƙofa sai da izini na musamman. Kowa ya yi maganar filin jirgi da barikin soja da taron jama'a.

"Zuma fa?" in ji Ashmaya.

Ya juya shafuka, ya sake juyawa, ko da yake ya san abin da ke ciki. "A cikin waɗanda na ji dai, babu wadda ta ambaci zuma."

"To yaron nan wace doka ya karya?"

"Ta takarda? Ban ga wadda zan nuna in ce ga ta ba."

Padam ya ji kunya ta kama shi, shekara takwas yana tara amsoshi, ranar da aka tambaye shi kuma babu. Amma ƙarƙashin kunyar wani abu na motsi, irin wanda ya tsayar da shi a bakin tagar aji.

Kawu Dhanjit ne ya yi magana daga inda yake jingine, fuska har yanzu a kumbure. "Ku kuna ta tambayar Japan da Ingila. Su aka harba? Ku je ku tambayi zumar, ita ta san inda ranta ke ɓaci."

Mutane suka yi dariya, Padam bai yi ba. Ya ce, "Kawu, ai kuwa za a iya."

Ya kira Rojina a waya. Ta ce sai ta nemi izini tukuna, ba za ta sa rajistarta a haɗari don sha'awar Baba ba. Mako uku aka yi ana jira, Ashmaya ta ce kafin nan hanin yana nan daram. Ran da Rojina ta iso da takardarta suka tafi su huɗu, ita da iyayenta da Kawu Dhanjit, wanda ya rantse ba zai bari a je dutsensa babu shi ba. Suka zaɓi wata saƙa a gefe wadda ba a yanka ba, babu kowa a tsani, babu wuta. Suka zauna a kan tudun da ke fuskantar dutsen. Rojina na tuƙi tana faɗin nisa, tsohon na kallon saƙar da tabarau mai hangen nesa na wani tsohon soja, Padam na rubutu.

"Tamanin."

"Suna harkarsu," in ji Kawu.

"Sittin."

"Ko a jikinsu."

A mita arba'in tsohon ya ɗaga hannu. "Tsaya, jikata. Ga shi nan, sun fara rawar jiki." Ya miƙa wa Padam tabarau. Padam ya ga wani abu kamar igiyar ruwa yana ratsa saƙar daga gefe zuwa gefe, dubban ƙudaje na ɗaga bayansu bi da bi. Bai taɓa lura da haka ba, shi da aka haifa a gindin dutsen. A mita ashirin da biyar suka fara tashi, Rojina ta ja da baya da sauri. Suka jira suka lafa, suka maimaita daga sama, suka maimaita daga gefe, har sau biyar kafin batir ya ƙare.

Kafin gwajin ƙarshe Rojina ta ce, "Kaka, zo ka ga wurin aikinka." Ta ɗaga jirgin can nesa ta juya idonsa ga dutsen, ta miƙa masa allon. Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa yana bin hanyar da tsaninsa ke bi, ya nuna inda mahaifinsa ya taɓa karya ƙafa. Sai ya tsaya a wani lungu ƙarƙashin leɓen dutse, inda wata saƙa babba ke ɓoye, ba a ganinta daga sama, ba a ganinta daga ƙasa.

"Wannan fa tun yaushe take nan?"

"Wa ya sani, Kaka."

"Shekara arba'in ina wucewa ta gefenta." Ya girgiza kai, ya mayar mata da allon. "Ku bar ta. Kada wanda ya gaya wa samarin nan."

A taro na biyu Padam ya kawo lambobinsa, ya ce a sa mita hamsin, tunda a arba'in suka fara damuwa, ga shi kuma ya yi daidai da na Ingila.

"Sittin," in ji Ashmaya.

"Haba, uwar Rojina, daga ina kika samo sittin?"

"Hamsin na zuma, goma na rashin jin maganar maza."

Mata suka tafa, aka tsaya a kan sittin. Aka ƙara cewa sai baƙo ya nuna takardun gwamnati kafin ya buɗe jakarsa, kuma in akwai mutum a kan tsani ba a tayar da komai sai shi da bakinsa ya yarda, mai tuƙin kuma ya tsaya a tudun da ke fuskantar dutsen tare da ɗan gari a gefensa. Shugaban mazaɓa ya sa hannu, Rojina ta rubuta a allo da harshensu da Turanci, aka kafa a bakin hanyar shigowa gari. Ruben, da aka aika masa hoton allon, ya rubuto ya ce zai sa shi a farkon fim ɗinsa. Kawu Dhanjit ya sake hawa tsani sau biyu bayan nan, sannan ya miƙa sandunan ga ɗan ƙanensa.

Da bazara ta zagayo mutanen wani ƙauye a ƙetaren kogi, su ma masu dutsen zuma, suka aiko a kira musu Padam. Ya sa hularsa ta zuwa biki, ya ɗauki littattafansa, ya yi tafiyar rabin yini yana dogara sanda. Suka shimfiɗa masa tabarma, suka saurare shi tun daga Japan har Nyaudi ba wanda ya katse shi. Da ya gama suka yi shawara a tsakaninsu, dattijonsu ya ce sun gode, su arba'in da biyar za su sa.

Padam ya ajiye kofin shayinsa. "Yaya, mu fa gwadawa muka yi. Me ya sa ba sittin ba?"

"Taso ka gani."

Dattijon ya kai shi bayan gari ya nuna masa. Dutsensu a cikin wani matsattsen kwazazzabo yake, bango na kallon bango. "Daga nan zuwa can hamsin ne da 'yan kai. In muka ce sittin, sai dai jirgin ya shiga cikin dutse."

Padam ya tsaya yana duban kwazazzabon, ya auna da ido, ya ga gaskiyar mutumin. Dariya ta kama shi har ya dafa sandarsa da hannu biyu.

"Lafiya?" in ji dattijon.

"Lafiya lau. Amma fa sai kun gwada da zumarku, kada ku ɗauka halinta ɗaya da tamu. Zan turo muku 'yata."

"Turo ta. Yanzu dai zo mu ci tuwo, ya fara hucewa."

Suka koma cikin gari, Padam na tambayarsa ko iskar kwazazzabon daga ƙasa take hawa da safe ko daga sama take sauka.